Kada Ka Dawo Farin Yashi

Welimadu, farkon Rajab

Zuwa ga ɗana Jaufar,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci, kana salla a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu, ita ma ta yi sauƙi tun da iska ta juya. Baffanka Maniku yana gaishe ka, da matarsa Kamana.

Wannan da hannuna na rubuta, ba wanda ya kama mini. Malamar ajin manya ta ce abin da ya rage mini yawan yi ne kawai. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, fensiri ya fi wuƙar kifi wuyar riƙewa.

Abin da ya matsa mini na rubuto shi ne maganar da Adam Fulu mai jirgin kaya ya kawo. A ƙofar masallaci ya faɗe ta, gaban kowa. Wai aikinka a tsibirin baƙi ba tuƙin jirgi ba ne kamar yadda ka gaya mini. Wai shiga ruwa kake yi da ƙafa, kana tafe gaban Turawa kana nuna musu kifi da yatsa, su kama, su sumbace shi, su mayar da shi ruwa. Mutane suka yi ta dariya. Baffanka bai yi ba. Ya ce, "Ɗan ƙanina ne zai mayar da kifi ruwa? Adam, ka rage zama a rana, ta fara taɓa ka."

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ka gaya mini gaskiya. Kifin ba shi da kyau ne? Ko addininsu ne ya hana su ci? Kuma in da ƙafa kake shiga, kana sa takalmi? Ka san abin da ke kwanciya cikin yashi.

Na ba Adam Fulu kwalbar rihakuru, romon kifinmu, ya kawo maka, na kifin bana ne, da kaina na dafa shi har ya yi kauri. Kada ka raba wa kowa duka. Yaushe za ka zo? Rabona da kai tun Sallar Layya.

Mahaifiyarka,
Sanfa

*

Tsibirin baƙi, tsakiyar Rajab

Mamma,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Wasiƙarki ta iso, kwalbar ma ta iso, ko da yake Adam Fulu ya rantse ita ce ta buɗe kanta a hanya. Rubutunki ya fi na manajanmu kyau, wallahi. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kwakwa da ɗumi.

Adam bai yi ƙarya ba, sai dai bai gane ba. Mutanen nan ba yunwa ce ta kawo su ba. Kifin da suke so shi ne mai ƙayar nan da ko kyanwa ba ta kallo, wanda ke shigowa ruwa mara zurfi yana tonon yashi. Suna da siririyar sanda da ƙugiya wadda aka ɗaura wa gashin tsuntsu. Su ba sa ganin kifin sam. Ni nake gani. In ce ga shi can dama da kai, jefa. In ya kama sai ya yi ihu kamar an yi masa haihuwa, a ɗauki hoto, a sake shi. Idona suke saye, Mamma, idon da Baba ya koya mini. Kuma ina sa takalmi, har da hula.

Ga albishir. Wuraren da ke kusa da nan duk an tattake su, kifin ya yi wayo. Sai na gaya wa manaja ina da wurin da ba wanda ya taɓa jefa ƙugiya, Farin Yashi, bayan tsibirinmu, inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Ya ce in kai mutum biyu mu gwada. In ya yi kyau, ƙila su ba ni jirgi nawa na kaina maimakon in riƙa bin wani.

Saboda haka za ki gan ni kafin watan nan ya ƙare, in sha Allahu.

Ki gaida Baffa da Inna Kamana.

Ɗanki,
Jaufar

*

Welimadu, ƙarshen Rajab

Ɗana Jaufar,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma lafiya. Ni lafiya, jiki dai.

Wurin nan a wasiƙarka da ka ce zan gan ka, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Na shanya katifarka. Na share tsakar gida na zuba sabon yashi. Kullum da safe sai in ƙara hannu a ƙullin gurasar roshi, in ce ko yau ne. Kamana ta yi ta tsokanata wai ko ango nake jira.

Ranar da kuka zo ina kankare kwakwa, sai na ji ta ta kan shinge tana cewa, "Sanfa, fito ki ga ɗanki! Ya zo, amma ya tsaya cikin ruwa kamar zalɓe." Na ɗauka wasa take yi. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na bi ta cikin itatuwa har bayan tsibiri. Na tarar rabin gari ya riga ni.

Na gane ka tun daga nesa, duk da hular da baƙin tabarau. Tafiyar ubanka ce. Na kira ka, na sake kira har muryata ta dushe. Ka ɗaga hannu sau ɗaya ka juya wajen Turawanka. Ina tsaye har ruwa ya fara cikowa, kuka hau farin jirginku kuka tafi. Daga inda nake zuwa inda kake, Jaufar, ko da gwiwar nan zan iya takawa. Romon kifin da na yi maka, maƙwabta suka sha.

Ban rubuto don in yi maka faɗa ba. Na san aikin wani kake yi. Amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Lokacin da Baturen nan mai jan wuya ya kama babban kifi, ka cire masa ƙugiya ka riƙe shi cikin ruwa kana lallashinsa har ya tafi, tsofaffin da ke kusa da ni suka yi salati. Wani ya ce, "Shi ke nan, ya tafi kai labari." Ka san abin da ake faɗa tun kakanni, kifin da ya ɗanɗani ƙugiya ya tsira ba ya yin shiru. Baffanka yana can gefe ya harɗe hannu. Da ya yi faɗa ma da hankalina ya fi kwanciya.

Ka rubuto mini da wuri.

Mahaifiyarka,
Sanfa

*

Welimadu, farkon Sha'aban

Jaufar,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarka ba, amma ba zan iya jira ba. Lafiyata lau, kada ka tsaya kan wannan. Ka karanta abin da ke ƙasa a hankali, yadda nake karanta naka.

Ƙananan kifin sun ɓace. Ka san su nake nufi, waɗanda maza ke ɗiba da rai a gurbin da ke gefen Farin Yashi kafin su fita, su watsa wa manyan kifi a teku. Tun bayan zuwanku ake shimfiɗa taru a ɗago shi ba komai. In babu ƙanana babu manya. Jirage suna fita su dawo wayam, wasu ma sun daina fita. Ba gidan da hayaƙin banda ke tashi. Ni kaina tukunyata a kife take.

Na san wata shekara ma sun taɓa ɓacewa, ubanka yana da rai, ba Bature ba farin jirgi. Na faɗi haka a bakin rijiya. Ba wadda ta kalle ni. Yanzu in na iso sai hira ta mutu.

Jiya baffanka ya shigo gidan nan bayan la'asar. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Sanfa, ke da kika iya rubutu yanzu, ki rubuta wa ɗanki."

Na ce, "Yaya, zauna mana ka sha shayi."

Ya ce, "Shayi da me? Da kifin da ya sallama? Ya kawo inji kan gurbin da ko mu da filafili muke shiga. Ya tattake yashin da baƙi. Ya koya wa kifi tsoron ƙugiya. Mutum nawa ke ci daga jirgina, kin sani?"

Na ce, "Yaro ne, bai yi da nufi ba."

Ya ce, "Yaro? Wurin da ubansa ya nuna masa ne ya ɗauka ya sayar. To ki gaya masa. In farin jirgin nan ya sake shigowa, injinsa a ƙasan teku zai kwana, sandunansu kuma mu hura wuta da su. Shi kuwa ba shi ba Welimadu. Ko gawata kada ya zo ɗauka."

Ba shi kaɗai ba ne, Jaufar. Mutanen jirage biyu sun yi rantsuwa tare da shi. Katibu, mai garinmu, ya tara su ya ce duk wanda ya taɓa baƙon gwamnati, 'yan sanda za su zo daga Male, babban birni, a kai shi tsibiri mai nisa ya yi shekaru. Baffanka ya ce a kai shi. Ka san shi, in ya faɗa sai ya yi. To in aka kore shi saboda kai, wace ƙofa ce za ta sake buɗe maka a garin nan? Ni a nan za a binne ni. Ina so ranar kana cikin masu ɗaukata.

Kada ka dawo Farin Yashi. Ka gaya wa manajanka duk abin da za ka gaya masa. Ka ce ruwan ya lalace, ka ce ba ka da lafiya. Kada ka dawo.

Yanzu zan kai wa Adam Fulu wannan da kaina.

Mahaifiyarka,
Sanfa

*

Tsibirin baƙi, satin farko na Sha'aban

Mamma,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Na sami wasiƙarki ta ƙarshen Rajab, na karanta, raina bai yi daɗi ba. Ki yafe mini. Laifina ne da ban yi miki bayani ba. Doka ce, ba a sauke baƙo a tsibirin da mutane ke zaune sai da izini, ni kuma ba ni da ikon barin su cikin ruwa ko na ɗan lokaci. Na ji muryarki, Mamma. Na ji sarai. Da na juyo sau biyu da ban iya ci gaba da aikin ba.

Maganar kifi mai kai labari kuwa, ki bar tsofaffi da hirarsu. A nan akwai wanda muka kama sau uku, har suna muka sa masa. In labari yake kaiwa, to ko kansa bai ji ba. Baffa zai huce, haka yake.

Wurin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Mutanen nan biyu sun koma suna ta ba da labari. Yanzu akwai wani dattijo da zai zo, wanda ke kawo wa otal ɗin nan baƙi da yawa duk shekara. Manaja ya ce ni zan kai shi, kuma in ya fito yana murmushi, jirgin nawa ne. Za mu zo da safiyar da ta biyo cikar wata, daren sha huɗu, lokacin da ruwa ke janyewa sosai. Ki fito bakin itatuwa in gan ki. Wannan karon zan ɗaga hannu biyu.

Azumi kuma a gida zan yi goman ƙarshe, na riga na roƙa.

Na ba wani abokin aikina da zai je tsibirin da ke kusa da ku wannan, ya ce zai sa a haye da ita.

Ɗanki,
Jaufar

*

Welimadu, ana gab da cikar wata

Jaufar,

Salamu alaikum. A gaggauce nake rubutu, ka karanta haka nan.

Da na karanta taka na gane ba ka ga tawa ba. Na ruga wajen Adam Fulu. Jirginsa yana kan tudu, wani ƙarfe ya karye a injin, ana jiran a kawo daga Male. Wasiƙata tana nan cikin gwangwaninsa tare da tabarsa. Ya ce, "Haba Sanfa, takarda ai ba ta ruɓewa." Na karɓe ta, Allah ne ya riƙe bakina.

Na je ofishin Katibu don a kira ku ta rediyo. Na kai har ƙofa na tsaya. Abin da aka faɗa a rediyon nan duk tsibiran yankin nan suna ji, manajanka ma yana ji, 'yan sanda ma. In na ce baffanka yana shirin tare jirgin baƙi, ni na kai shi da bakina. Na juyo.

Na yi tunanin ɓoye ranar da za ku zo. Ban ma buɗe baki ba, baffanka ya gamu da ni a hanya ya ce, "Riƙe takardarki, Sanfa. Wata zai gaya mini. Wanda zai taka Farin Yashi ya san ranar da ruwa ke ba da wuri, ni ma na sani." Sun riga sun kai jiragen nan biyu bayan tsinin kudu na tsibiri, inda ba a hango su daga teku.

Akwai mutumin da zai kai matarsa asibiti a Male gobe. Zan haɗa masa wannan da waccan, ya nemi mai zuwa wajenku. Ban sani ba ko za su riga ka. In sun riga ka, don Allah, don darajar nonon da ka sha, kada ka zo.

In ba su riga ka ba, ban san abin da zan yi ba. Amma ba zan tsaya bakin itatuwa ina kallo ba.

Sanfa

*

Tsibirin baƙi, bayan rabin Sha'aban

Mamma,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in abin da kike son ji ke nan.

Me na yi miki?

Mun iso da sassafe, ruwa garau kamar madubi. Ban taɓa ganin Farin Yashi haka ba. Kifi har wutsiyoyinsu na fitowa sama. Dattijon ya dafa kafaɗata don murna. Ya warware zare ke nan zai yi jifan farko, sai na ji waƙa. Na waiga, ga mata suna fitowa daga cikin itatuwa, da kwanduna da sandunan haƙa, kamar duk matan Welimadu. Ke ce a gaba, kina ɗingishi.

Kuka shiga ruwa kuka hau tone ramukan da ake binne ɓawon kwakwa na tufkar igiya. Kin san abin da ke fitowa daga ramin da ɓawo ya yi wata da watanni yana ruɓa a ciki. Baƙin ruwan nan mai wari ya biyo janyewar ruwa ya rufe wurin gaba ɗaya. Wasu kuma suka zauna kan duwatsu suna bugun ɓawo da kulake kamar ana biki. Kafin in ƙifta ido ko ɗan kifi babu. Kuka yi ta matsowa har kuka kewaye jirginmu. Inna Kamana ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Sannu da aiki, malam," kamar ba ita ta goya ni ba.

Ba lokacin tonon ɓawo ba ne, Mamma. Ko yaron goye ya san sai bayan Salla yake nuna. Kuma ke kaɗai na gaya wa ranar.

Har Baffa na hango ya fito da jirage biyu daga tsinin kudu, suka tsaya suna kallo, suka juya. Wato gari duka aka taru a ga yadda zan ji kunya.

Dattijon ya toshe hanci da hannu ɗaya, yana ɗaukar hoto da ɗayan. Ya ce, "Su wane ne waɗannan?" Na ce ban san su ba. Ina kallonki na faɗa.

An ba wani jirgin. Ni an mayar da ni wankin jirage da ɗaukar kaya. Manaja ya ce bai kore ni ba ne don bai tabbatar da hannuna a ciki ba. In don ban sauko na gaishe ki ba ne wancan karon, ai na ba ki haƙuri. Maganar goman ƙarshe, ki bar ta tukuna.

Jaufar

*

Welimadu, ƙarshen Sha'aban

Ɗana Jaufar,

Wa'alaikumus salam, ko da yake ba ka yi sallama ba. Na gode Allah da kana lafiya. Eh, abin da nake son ji ke nan. Gwiwar ta kumbura tun ranar, a zaune nake salla, amma tana saɓewa.

Na ga har yanzu wasiƙuna biyu ba su iso ka ba. Ba zan sake rubuta abin da ke ciki ba, hannuna ba zai iya ba. A taƙaice, jiragen da ka gani ba kallo suka fito ba. Kai suka fito wa. Ƙananan kifi sun ɓace tun zuwanku na farko, an ɗora maka. Baffanka ya rantse zai nutsar da injinku ya karya sandunan baƙonka, kai kuma ya raba ka da garin nan. Da ya yi, da yanzu yana hannun 'yan sanda, kai kuma ba ka da gida.

Ana gobe za ku zo na je wajen Kamana. Na same ta tana ninke wa mijinta kaya, wai ko za a tafi da shi. Na ce, "Ke za ki rasa miji, ni in rasa ɗa, muna zaune muna ninkin zane?" Ta ce, "To me za mu yi, mu da ba mu da jirgi?" Na ce muna da ramuka. Ta dube ni ta ce, "Sanfa, karatun nan ya taɓa ki. Ɓawon ɗanye ne." Na ce na sani.

Gida gida muka bi. Ba kowa ce ta yarda ba. Wata ta ce in je in tone nawa, ɗana ne. Amma duk wadda mijinta ko ɗanta ke cikin jiragen nan ta ɗauki sanda.

Da suka zagayo tsinin, tsakaninsu da kai babu komai sai mu. Baffanka yana tsaye a gaban jirgi da gora a hannu. Ya daka wa Kamana tsawa ta kauce. Tana cikin laka har cinya ta ce, "Bi ta kaina, Maniku, ai ka san hanya!" Matan suka kwashe da dariya, wasu daga cikin mazan ma suka sunkuyar da kai. Ba wanda zai tura jirgi cikin iyayensa mata. Kai ba ka ji wannan ba, iska tana wajenmu.

Ɓawon ya lalace, kamar yadda ka ce. Wanda aka tone ɗanye ba ya komawa. Bana ba igiyar da za a tufka a Welimadu, kuma matan da suka bi ni sun san asarar da suka yi. Wasu ba sa amsa gaisuwata. Ƙananan kifin ma har yau ba su dawo sosai ba, an dai fara ganin kaɗan.

Ka ce ka ce ba ka san mu ba. Da ka tambaye ni, da abin da zan ce ka faɗa ke nan. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, da na zo wurin a takardarka sai da na ajiye ta na fita tsakar gida.

Na ɓata maka aiki, na sani, kuma da idona a buɗe na yi. Ba zan ce ka yafe ba sai ranar da ka ga dama.

Baffanka ya yi kwanaki ba ya yi wa kowa magana, har Kamana. Shekaranjiya ya tsaya a bakin shingena, bai shigo ba, bai kalle ni ba. Ya ce, "In yaron nan zai zo azumi, ya shigo ta gaba, ta inda jirage ke tsayawa, kamar ɗan gari. Bayan tsibiri ba ƙofa ba ce." Ya wuce.

Iyakar abin da na samo maka ke nan. An gyara jirgin Adam Fulu.

Mahaifiyarka,
Sanfa

*

Tsibirin baƙi, cikin azumi

Mamma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina shan ruwa lafiya, gwiwar kuma ta saɓe.

Wasiƙunki uku rana ɗaya suka iso, biyu daga Male sun sha hannu har sun yi baƙi. Na jera su na karanta bi da bi. Ban iya yin aiki ba ranar.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in na ga wanda aka ba jirgin yana fita da shi sai raina ya ɓaci. Kuma har gobe ban yarda kifi yana kai labari ba. Amma maganar injin, a nan Baffa yana da gaskiya. Baba bai taɓa shiga gurbin nan da inji ba, na sani, na yi kamar na manta.

Dattijon ya aiko wa manaja hotunan da ya ɗauka. Jiya manaja ya kira ni ofis ya shimfiɗa su kan tebur. Akwai ɗaya da kika fito sosai, laka har gwiwa, bakinki a buɗe kina waƙa, idonki kuma ba ya kan ramin, yana can wajen tsinin kudu. Ya ce, "An ce tsibirinku ne. Ka ce ba ka san su ba. Wannan ta gaban fa?"

Na ce uwata ce.

Ya ce to in tattara kayana.

Adam Fulu zai biyo ta nan kafin goman ƙarshe. Ta gaba zan shigo. Ki tambayi Baffa ko akwai wurin mutum ɗaya a jirginsa. In ya ce babu, ki ce masa zan jira a bakin ruwa har ya samu.

Ɗanki,
Jaufar